Tudun Nairobi da Zafin Adar: Abin da Iska Ke Yi wa Ƙwallo

A shekarar 2027 za a buga gasar cin kofin Afirka a Kenya da Uganda da Tanzaniya. Nairobi na bisa tudun da ya haura mita 1,600 daga teku, Kampala kuwa wajen 1,200. Yamai, inda ƴan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, suka saba atisaye, da kaɗan ta wuce mita 200. Da an ambaci tudu, hankalin masu horarwa kan tafi ga numfashin ƴan wasa, a manta cewa ƙwallon ma tana sauya hali.

Ƙwallo in ta tashi, iska take ketawa, iskar kuma na rage mata gudu. Ana hawa sama iskar na raguwa: a Addis Ababa, mai tsayin sama da mita 2,300, kaurinta ya yi ƙasa da na bakin teku da kusan kashi 20 cikin 100. Don haka bugun gola yakan zarce inda aka saba tsammaninsa, dogon fasin kuma ya wuce kan wanda aka aika wa. Sai kuma lanƙwasa, wadda ta fi ɓata lissafi. Mai bugun tazara na murza ƙwallo ne domin iska ta tanƙwara ta, to in iskar ta yi ƙaranci sai ta tafi kusan miƙe, ta haure saman raga. Abin da Daniel Passarella, kocin Ajantina, ya koka da shi ke nan a 1996 bayan Ekwado ta doke su a Kito. Mai tsaron gida ya fi kowa shan wuya, domin idonsa ya saba da wani lokaci, ƙwallon kuma ta riga lokacin isowa.

Rigimar wasa a kan tudu ta kai FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa sama da mita 2,500 a 2007, ta jingine dokar a 2008, shekara na zagayowa Bolibiya ta lallasa Ajantina 6-1 a La Paz. Duk da haka tudu ba ƙaddara ba ne. A Oktoban 2013 Najeriya ta ci Habasha 2-1 a Addis, Emmanuel Emenike ya zura duka biyun.

Ina ruwan Tawa da Tebaram na ƙasar Adar, da ba su kai mita 500 ba? Ruwansu zafi. Iska mai zafi ma ba ta da kauri. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da la'asar ɗin Afirilu mai digiri 42, kaurin iska na raguwa da kusan kashi 9 cikin 100, daidai da hawa tudu na mita 900 ba tare da ɗaga ƙafa ba. Yaron da ke tsaron gida a filin Adar yana rayuwa da wannan sauyi kowace shekara, ko da ba ya auna shi. Gaskiya ne iskar gabas ta hunturu da yashin fili sun fi wannan tasiri a wasan yau da kullum, amma idon da ya koyi gyara lissafi tsakanin ɗari da bazara ya samu horon da bai kamata a raina ba.

Sai dai a kiyaye: zafi ba ya horar da jini. Jiki na buƙatar kwanaki a kan tudun kansa kafin ya saba da ƙarancin iskar shaƙa, ranar Adar kuma ba ta maye gurbin wannan.

A ganina duk ƙungiyar Sahel da ta samu gurbi a 2027 ta isa Gabashin Afirka da wuri, ko ta yada zango a Jos mai tsayin mita 1,200, ta ware atisaye na musamman ga masu tsaron gida da masu bugun kwana da tazara, da irin ƙwallon da za a buga gasar da ita.