Tsauri Ba Mugunta Ba Ne: Waiwaye Kan Kalmar "Strict"

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ɗalibanmu suka fi yi wa gurguwar fahimta akwai "strict". Da yawa sun ɗauke ta ƙanwar mugunta, har ta kai a Turancin Najeriya malamin da ba ya karɓar aikin da aka kawo a makare ana ce masa "wicked", wato mugu. A ganina wannan ruɗani ya wuce kuskuren harshe, domin yana koya wa yara ƙin mai tsare gaskiya da son mai sakaci.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga aikatau "stringere", wato a ɗaure tamau. Daga wannan tushe ne aka samu "restrict", taƙaitawa, da "stringent", wadda ake jingina wa dokoki da sharuɗɗa. Saboda haka mutumin da yake "strict" shi ne wanda ya ɗaure ƙa'ida bai bar ta ta yi sako-sako ba. Bahaushe zai ce mai tsauri ne, ko ba ya ɗaga ƙafa. Idan ana nufin gallazawa, "harsh" ko "cruel" ake cewa. Idan hukunci ko ciwo ya yi tsanani, "severe".

Wajen amfani, a lura da kalmar da ke biye. Ana cewa "strict with" idan mutum ake tsaurara wa, kamar uba da 'ya'yansa, sannan "strict about" idan a kan wani abu ne, kamar kiyaye lokaci. "Strictly speaking" na nufin in za a bi ainihin ma'ana, "in strict confidence" kuwa sirri ne da ba a yarda ya fita ba. Ɗaliban shari'a sun san "strict liability", alhakin da ke hawa kan mutum ko da bai yi ganganci ko sakaci ba, ƙa'idar da shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868 a Ingila ta shahara da ita. Babu mugunta a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ina kira ga ɗalibai da su riƙa auna malami da adalcinsa. Wanda ya tsaurara wa kowa daidai, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, gata ya yi muku, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu gane.