Itacen Wuta da Al'adar Jin Ɗumi a Lokacin Hunturu: Misali Daga Kwalkwalawa ta Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Sakkwato ta yi suna wajen zafi, domin a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. Wannan kan sa a manta cewa ƙasar tana da ɗari mai tsawo, wanda yake farawa a watan Nuwamba, ya yi tsanani a Disamba da Janairu, ba ya sakin mutane sai cikin Fabrairu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amfani da itace wajen kare kai daga wannan ɗari, da kalmomin da al'adar ta haifar, da kuma halin da take ciki yanzu. An ɗauki Kwalkwalawa a matsayin misali, wato ƙauyen da ke cikin fadamar Gulbin Rima, a kan hanyar da ta tashi daga birni zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

2.0 Yanayin Ɗarin Fadama

Iskar hunturu takan taso daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, a bushe, ɗauke da ƙura. Da yake babu laima a cikinta, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da zarar dare ya yi. Iska mai sanyi kuwa ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangara ta kwanta a kwari. Dalili ke nan da ya sa mazaunin fadama yake riga na tudu jin ɗarin asuba. A Kwalkwalawa abin ya zo daidai da lokacin aiki, domin a cikin hunturu ne ake noman rani na albasa da sauran kayan lambu, masunta kuma suna shiga ruwa da sassafe.

Hausa ta bambanta ire-iren wannan yanayi. "Sanyi" kalma ce gama-gari, kuma ita ake faɗa wa na damina mai laima. "Ɗari" shi ne busasshen sanyin hunturu mai kawo kaushi da faso. "Jaura" ita ce iskar da ke kaɗawa da shi, "hazo" kuma ƙurar da ke rufe sararin sama.

3.0 Sanin Itace

Abin da daidaitacciyar Hausa ke kira itace, Basakkwace "icce" yake ce masa, kamar yadda yake kiran toka "habɗi". Ba kowane icce ne na jin ɗumi ba. Ƙirya da marke su ne kan gaba, saboda suna da nauyi da tauri, suna daɗewa suna ci, kuma suna barin garwashi mai kai wa asuba. Wannan taurin ne ya sa maƙera suka fifita gawayin ƙirya. Bagaruwa ma tana da wuta mai kyau. Sabara da geza da kalgo ƙirare suke bayarwa, masu saurin kamawa da saurin ƙarewa, don haka sun fi dacewa da hura wuta. Karan dawa da na gero suna ba da harshen wuta da haske, amma garwashinsu ba ya jimawa. Tumfafiya da busasshen kashin shanu kuwa sai in babu, saboda yawan hayaƙi.

Akwai kuma itatuwan da al'ada ta kare. Ba a cika sare ɗorawa da tsamiya da kuka ba, domin abinci ne. Gawo yana zubar da ganye da damina ya takinta gona, ya kuma ba dabbobi abinci da rani, shi ya sa manomi ke barinsa. Dangane da girma, akwai gungume, da faskare, da ƙirare. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta ƙafar da wannan ruwa kafin ta ba da ɗumi. Saboda haka magidanci mai tanadi tun da kaka yake tara itacensa ya bushe.

4.0 Hanyoyin Jin Ɗumi

Abin lura a nan shi ne, a ƙasashen Turai ɗaki ake ɗumamawa gaba ɗaya ta hanyar murhu mai bututun hayaƙi, amma a ƙasar Hausa jikin mutum ake kai wa kusa da wuta. Ɗakin Bahaushe ba shi da bututun hayaƙi. Ginin ƙasa da kansa yana taimakawa, domin kaurin bango yana tsotse zafin rana ya sake shi a hankali cikin dare, asabari ko tufaniya kuma su tare iska a ƙofa. Sauran aikin wuta ce ke yinsa, ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce murhu, wanda kacici-kacici ya kira "uku-uku gama gari". Bayan an sauke tuwo, mata da yara sukan kewaye shi, nan ne kuma tsofaffi ke yin tatsuniya. Ta biyu ita ce wutar gungume a zaure ko ƙofar gida, inda magidanta ke hira. Irinta ce almajirai ke hurawa da kara a makarantar allo, ta zama fitilar karatu, ta zama kuma abin jin ɗumi. Ta uku ita ce kasko: akan bari itace ya cinye a waje har hayaƙi ya ƙare, sa'an nan a kwashi garwashi a shiga da shi ɗaki. Ta huɗu ita ce gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba rushi a ciki, ƙasar ta yi ɗumi ta riƙe shi har safe. Kafin barci akan binne sauran garwashi da toka don kada ya mutu, wanda tasa ta mutu kuwa ya tafi maƙwabta ɗibar wuta.

5.0 Illoli

Al'adar ba ta rasa haɗari ba. Hunturu lokacin gobara ne, domin jinka da zana sun bushe, iska kuma tana kaɗawa. Garwashi a ɗakin da aka toshe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mai barci. Hayaƙi yana cutar da ido da ƙirji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020. Haka kuma, binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da kwanciya a kan gado mai zafi tare da yawan shan kunun kanwa.

6.0 Ƙarancin Itace

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a arewacin ƙasar Hausa, yawan jama'a da faɗaɗar gonaki suka ƙara a kai. Itacen da birnin Sakkwato ke ƙonawa daga nesa ake kawo shi a mota, rashin tsaro a dazuzzuka kuma ya sa shiga daji ya zama kasada. Tsadar kananzir tun bayan janye tallafinsa a 2016 ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi. A fadama kuwa itacen jin ɗumi yana takara da na girki da na bandar kifi. Dogonyaro, baƙon itacen da aka shigo da shi zamanin Turawa, shi ake sassabe wa rassa inda ƙirya ta yi wuya. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuma ba ya riƙe ɗumi kamar na ƙasa, don haka buƙatar wuta ƙaruwa ta yi.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a jami'ar a 1982, ta ƙera murhu mai tattalin itace. Masana sun ƙiyasta cewa murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafinsa yake kai wa tukunya. Sai dai wannan zafin da ake lissafawa a matsayin hasara, shi ne iyali ke jin ɗumi da shi a cikin hunturu. Duk wani sabon murhu da bai kula da wannan buƙata ba, mai yiwuwa ne a ajiye shi gefe daga Disamba zuwa Fabrairu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda jin ɗumi ya tattara sanin itatuwa, da fasahar gini, da zaman hira. Kalmar "makamashi", wadda asalinta abin hura wuta ne, ta faɗaɗa har ta ƙunshi lantarki da man fetur, alhali kalmomi irin su rushi da jaura suna ƙaranci a bakin yaran birni. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana kalmomin Sakkwatanci masu yawa, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake gina gadon ƙasa ko binne wuta. Ya kamata ɗaliban harshe da al'ada su tattara wannan ilimi daga bakin tsofaffin ƙauyukan fadama tun suna raye, masu shirin dashen itatuwa kuma su sa ƙirya da marke cikin irin da suke rabawa.