ƘIRA DA ILMIN ƘARAFA: TASIRIN NAITIROJIN A KAN ƘARFEN DA BA YA TSATSA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a Ƙaraye ko Rogo gab da faɗuwar damina, ya san yadda manoma kan yi cincirindo da garma da fartanya suna jiran gyara. Maƙeri kan sa ƙarfe cikin gawayin ƙirya, yaro na zuga, sai ya yi jawur sannan a ɗora shi kan uwar maƙera a hau shi da masaba. To, amma a yau akwai wani ƙarfe da ya cika gidajenmu, wato na kwanoni da cokulan da jama'a ke kira silba, wanda ba ya bin ƙa'idojin da maƙeri ya gada. Manufar wannan ɗan bayani ita ce nuna dalilin haka.

Asalin Ƙarfen

An gano ƙarfen da ba ya tsatsa a Jamus da Ingila a shekarun 1912 da 1913. Sirrinsa shi ne ma'adinin kuromiyam, wanda kan yi wa fuskarsa wata siririyar riga mai hana tsatsa. Nau'in da ya fi yaɗuwa yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, masana kuma suna kiran tsarin ƙwayoyinsa ostenait. Da nikel ya yi ƙaranci a farkon shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya, sai aka koma rage shi ana cike gurbinsa da manganis da naitirojin, wato iskar nan da ta kai kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa.

Bugu da Sake Ƙwaya

Ƙarfe dunƙulen ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Idan an buge shi da sanyi, ƙwayoyin kan baje su cuɗe, ya yi ta tauri har ya tsage. Idan kuwa da zafi ne, sababbin ƙwayoyi kan tsiro su maye gurbin waɗanda suka jigata, ƙarfen ya sake laushi. Wannan shi ne sake ƙwaya, kuma shi ne hikimar da ke cikin maganar nan da ake yi cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Aikin Naitirojin

Naitirojin kan shige 'yan saƙo-saƙon da ke cikin ƙwayar ƙarfe ya tokare su. Saboda haka ko kashi ɗaya cikin huɗu na kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya ƙara wa ƙarfen ƙarfi ƙwarai, ya kuma taimaka wajen hana tsatsa mai huda. Sai dai wannan ƙarfin shi ne wahalar mai bugu, domin dole a ƙara nauyin duka kafin ƙarfen ya miƙa wuya.

Matsala ta biyu ta fi girma. Idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 600 da 950 a ma'aunin santigireti, naitirojin kan haɗu da kuromiyam su taru a kan iyakokin ƙwayoyi. Wannan taruwa takan daƙile tsirowar sababbin ƙwayoyi, ta sa ƙarfen saurin tsagewa, ta kuma ƙwace kuromiyam ɗin da ke kare shi, har tsatsa ta sami ƙofa. Abin lura shi ne, jan nan da maƙeri ya saba fara bugu a kansa yana cikin wannan tsakanin. Don haka masana'antu kan fara bugu a wajen digiri 1,150 zuwa 1,250, lokacin da ƙarfen ya koma ruwan ɗorawa, su dakata kafin ya sauko ƙasa da 900.

Haka kuma batun tsomawa a ruwa ya sha bamban. Gatarin da aka ƙera da sifirin mota, in an tsoma shi da zafi, tauri yake yi. Ƙarfen ostenait kuwa akan gasa shi zuwa wajen digiri 1,050 a tsoma shi don ya zauna da laushinsa, kuma don kada naitirojin ya sami sukunin taruwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa maƙerin Ƙaraye da injiniyan masana'anta abu guda suke kiwo, wato zafi da lokaci. Maƙerin da ya tsinci irin wannan ƙarfe wajen 'yan gwangwan, sai ya ƙara zuga, ya gajarta bugu, ya mayar wuta da wuri, kada kuma ya sa ran ruwa zai ba shi kaifi.