Zafin Inji Lokacin Kwasar Amfanin Gona

Da kaka motocin da ke kwasar dawa daga Turawa zuwa Karaye da Rogo suna shan kaya da ƙura, inji kuwa ya yi ta zafi. Gaban direba akwai allura mai nuna zafin ruwan inji. Daidai shi ne digiri 80 zuwa 95, watau allura tana tsakiya. In ta doshi ja, sai a tsaya. Galibi ƙaiƙayi ne ya toshe lagireto, ko fambel ya saki.

Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama tururi yakan saɓule fata. Sheƙa ruwan sanyi inji na tafasa, yadda yaran mota suka saba, shi ke tsaga kan inji, gyaransa kuwa ya cinye kuɗin buhu da yawa.