Laftof Domin Aikin Injinan Masana'anta: A Soka Buhu Kafin a Biya

A wannan fitowa mun ɗan kauce daga maganar masara da gero, za mu taɓo wani kaya wanda ba a awonsa da tiya, amma ya taɓa tsare mana dukiya kwana huɗu cur.

A kakar bara ne muka kai shanshera mota guda wani babban injin casa, ba sai mun kama suna ba. Ana cikin aiki inji ya tsaya cik. Wuta akwai, janareta lafiya lau, bel bai tsinke ba. Aka ce wai ƙwaƙwalwar inji ce ta ƙi. Aka kirawo wani yaro, ya zo da kwamfutarsa siririya kamar faranti, sai walƙiya take yi, amma ashe ba ta da kafar da za a soka wayar inji. Aka aika kasuwa neman mahaɗi, aka kawo, kwamfuta ta ƙi gane shi. Sai rana ta huɗu aka ɗauko wani injiniya da tsohuwar kwamfuta baƙa mai kauri. Ko awa guda bai yi ba ya gano ɗan ma'aunin da ke gaya wa inji cewa tanki ya cika shi ne ya mutu. Kafin nan kuwa mai sayenmu ya juya wurin wani, kasuwa kuma ta sauka.

To, wannan ƙwaƙwalwa masu aikin suna ce mata fi-el-si. Ɗan akwati ne cikin durowar lantarki, shi ke umartar mota kaza ta tashi, ƙofa kaza ta rufe, in zafi ya kai kaza a kashe wuta. Asalinta daga Amurka ne. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya gaji da sake ɗaurin wayoyi duk lokacin da aka sake samfurin mota, ya nemi a yi masa dabara. Wani injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084 a 1969. Tun daga nan, maimakon a kwance wayoyi, sai a rubuta umarni a zuba cikin akwatin. Yau da laftof ake wannan rubutu, da ita kuma ake leƙa cikin inji a ga inda ya maƙale. Watau ita ce sifanar mai wannan sana'a.

Abin da ya sa muka shiga zancen gadan-gadan, ɗan ƙanenmu ne ya gama karatun lantarki, ya yi shekara biyu yana bin ogansa masana'antu, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, in ba ni da tawa, har abada ɗan riƙon jaka zan zauna." Muka ce ya yi gaskiya. Amma kuɗin buhuna da yawa ne, ba mu fid da su da ka. Muka nemi injiniyan nan mai baƙar kwamfuta, muka zaunar da shi a shago, muka yi ta tambaya.

Abin da ya fara ce mana, "Alhaji, kada ku fara da kwamfuta, ku fara da inji." Kowane kamfani da manhajarsa. Akwatin Siemens na zamani da TIA Portal ake masa magana, na Allen-Bradley da Studio 5000, na Mitsubishi da GX Works, na Delta da ISPSoft ko WPLSoft. Dukkansu kuwa a kan Windows aka gina su. Saboda haka kwamfutar Apple, kome tsadarta, ta fita daga ciniki, balle ma tun 2020 da suka koma sa nasu furosesa irin M1, wanda harshensa daban ne da na Intel da AMD. Haka nan waɗanda suka fito a 2024 masu Snapdragon a ciki: Windows ce a kansu, batirinsu na daɗewa, amma ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane wayar inji da yawa ba su aiki a kansu. A nemi mai Intel ko AMD kawai, Windows ɗin kuma ta zama Pro, ba Home ba.

Inda ya fi daɗewa yana bayani shi ne ram. Ya ce a ɗauke shi kamar shimfiɗar shanya: in tabarma ƙarama ce, kome yawan ma'aikatanka sai an riƙa kwashewa ana sake bazawa. Siemens da kansu sun ba da shawarar giga 16 domin TIA Portal, in aikin babba ne giga 32, da ma'aji irin es-es-di mai sararin giga 50 ko fiye, da fuska inci 15.6 mai 1920 da 1080. Wannan fa manhaja ɗaya ke nan. Alhali mai yawon gyara ba ya zaɓen inji, yau Siemens gobe Mitsubishi, kuma manhajojin nan in an tara su wuri ɗaya sukan yi faɗa kamar kishiyoyi. Har ma tsohon inji yakan nace sai tsohuwar manhaja mai son Windows 7 ko XP. Dabarar da suke yi, su gina kwamfuta a cikin kwamfuta da manhaja irin VMware, kowane kamfani da ɗakinsa, yadda muke ware wa kowane iri rumbunsa. Kowane ɗaki kuwa da rabonsa na ram. Don haka a ganinmu 32 ita ce daidai, ma'aji kuma tera ɗaya in da hali. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi mai 16, amma lalle a buɗe bayanta a gabansa ya ga ana iya ƙarawa, domin sirara da yawa an like ram ɗinsu da dalma, yadda ka saya haka za ka mutu da ita.

Sai maganar kafofi, wadda ita ce ta ci mu a bara. Sabbin akwatuna irin S7-1200 da wayar netwok ake shigarsu, to a tabbata kwamfuta tana da wannan kafa a jikinta, ba sai an rataya mata ba. Tsofaffin injina kuwa, kuma su suka fi yawa a wurarenmu, wasunsu sai kafar siriyal mai haƙori tara, wadda ta kusa ɓacewa daga kwamfutocin yanzu. Dole a sayi mahaɗi daga yu-es-bi zuwa siriyal, kuma injiniya ya ce a nemi mai FTDI a ciki, jabun ya yi yawa. Wasu ma, kamar S7-200 da S7-300, kowanne da irin wayarsa ta musamman. Kafar yu-es-bi mai faɗi kada ta gaza biyu, uku ta fi, tun da lasisin manhaja ma wani lokaci a ɗan filashi yake zuwa.

Masu shago za su tallata muku ta wasan yara mai fitilu kala-kala, su ce ta fi ƙarfi. Ƙarfin zanen hoto ne, wannan aiki bai damu da shi ba, ga nauyi ga shan batir. Gara irin ta ma'aikata, su ThinkPad na Lenovo, Latitude ko Precision na Dell, EliteBook ko ZBook na HP, masu jure ƙura da jijjiga, kayan gyaransu kuma ba su wuya. Wanda ya san cikin injin casa ya san yadda dusa ke shiga ko'ina. Akwai waɗanda aka ƙera takanas domin masana'anta, kamar Toughbook na Panasonic da Field PG na Siemens, amma wannan sai kamfani, ba yaro mai fara sana'a ba.

'Yar gwanjo ba laifi ba ce, sai dai a duba shekarunta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya rufe kulawar da ya saba yi wa Windows 10, Windows 11 kuma sai furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama take karɓa. A lambar ake ganewa: i5-8350U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne, a bar masa kayansa kome arha. A cire caja a ga awa nawa batir zai yi, a gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya. Farashi kuwa dala yake bi, na makon jiya ba ya ciniki yau.

Mu dai 'yar gwanjo muka saya wa yaro, zubi na 11, aka ƙara mata ram ya kai 32 a gabanmu, muka haɗa masa da mahaɗi biyu da wani ma'aji na waje domin ajiye kwafin kowane aiki. Masu injin casa kuma, ga saƙon injiniya gare ku: duk wanda ya kafa muku inji, ku karɓi kwafin umarnin da ya zuba da lambar sirrinsa kafin ku cika masa kuɗi, ku adana tare da takardun fili.