Yadda Harshen Kwamfuta Na Python Ke Samun Sababbin Ƙa'idoji

Ran 12 ga watan Yuli, 1991 ke da shekara 27 da wucewa, watau a 2018, Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan wanda ya ƙago harshen kwamfuta da ake kira Python, ya ba da sanarwar cewa ya sauka daga shugabancinsa. Abin da ya jawo haka kuwa gardama ce a kan wata 'yar alama, ɗigo biyu da layi biyu, kamar haka :=.

Shi dai Python harshe ne da ake rubuta wa kwamfuta umurni da shi, an kuwa fara fitar da shi a 1991. Ba kamfani ne ya mallake shi ba, kowa na iya ɗaukarsa kyauta. Masana kimiyya da bankuna da ɗalibai sun dogara a kansa, saboda haka in aka taɓa ƙa'ida ɗaya ba da lura ba, aikin ɗimbin jama'a na iya tsayawa cik.

Tun shekarar 2000 aka shimfiɗa hanyar kawo canji. Duk mai wata dabara sai ya rubuta takardar shawara da ake kira PEP, a ba ta lamba. In shi ba ya cikin manyan masu kula da harshen, wajibi ne ya sami ɗayansu ya tsaya masa. A cikin takardar zai bayyana matsalar da yake son warwarewa, da yadda sabuwar ƙa'idar za ta yi aiki, da ko za ta ɓata tsofaffin ayyuka, da kuma sauran hanyoyin da aka duba aka watsar. Daga nan sai a baza ta a bainar jama'a, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wadda aka ƙi ma ba a yar da ita, ajiye ta ake yi tare da dalilin ƙin, don kada gobe wani ya sake ta da maganar da aka riga aka kashe.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. A 2008 aka fito da Python 3, wanda bai jitu da na 2 ba a wurare da dama. Mutane da yawa suka ƙi ƙaura, har sai ran 1 ga Janairu, 2020 aka daina kula da tsohon.

A da, van Rossum ne ke yanke hukunci na ƙarshe. Takarda mai lamba 572 ta nemi a ba mai rubutu damar raɗa wa adadi suna a tsakiyar lissafi, ba sai ya keɓe masa layi na dabam ba. Masu goyon baya suka ce za ta rage maimaici, masu suka kuwa suka ce za ta rikita masu koyo. Ya amince da ita, amma zafin musun ya gajiyar da shi, ya tafi bai naɗa magaji ba.

Sai manyan masu kula da harshen suka jefa ƙuri'a a kan irin mulkin da suke so, suka tsai da majalisar mutum 5. An zaɓi ta farko a farkon 2019, shi ma van Rossum yana cikinta. Alamar da ta ta da ƙurar kuwa ta shiga Python 3.8 a watan Oktoba na shekarar.

Yanzu kowace shekara ake sabunta majalisar, kuma kowane watan Oktoba ake fitar da sabon bugu. Tun watan Mayu ake rufe ƙofar ƙarin sababbin abubuwa, a shafe sauran watannin ana gwaji da gyara. Shawarar da ta makara sai ta jira baɗi, ko da wane ne ya kawo ta.