Ɓeran Masar a gidajen Harobanda: shimfiɗa da abincin da ba sa cinye zubin mako

A gidaje da dama na wannan gefen kogi, daga Lamorde zuwa Karaje da Kirkisoye, za ku tarar da ɗan akwati a bayan ɗaki, yara sun zuba ɓeran Masar a ciki. Yaro ne ke kawo shi, amma hidimarsa kan uwa take komawa. Wasu daga cikinmu ma sun fara kiwonsa don su sayar da 'ya'yan su sami na zubi. Matsalar ita ce dabbar tana saurin mutuwa in ba a san halinta ba, kuma in ta mutu kuɗi sun tafi, ga kukan yara. Shi ya sa muka tattaro abin da ya kamata kowace mai kiwo ta sani.

Baƙo ne daga ƙasar sanyi

Ko da yake muna ce masa ɓeran Masar, asalinsa duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka, wajajen Peru da Bolibiya, inda aka daɗe ana kiwonsa cikin gida. A Afirka ma ana kiwonsa sosai a Kamaru da gabashin Kwango. Babba yakan kai giram 700 zuwa kilo 1 da ɗoriya, kuma yana iya shekara 5 zuwa 7.

Jikinsa ya fi son yanayi na digiri 18 zuwa 24. Da zafi ya haura 30 ya fara wahala, mu kuwa a Yamai cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Saboda haka kada akwati ya zauna ƙarƙashin kwano ko inda rana ke bugawa. A sa shi a inuwar bedi ko zaure mai iska, a rufa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, a kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa a ciki ya riƙa shiga yana shan sanyi. In kun ga ya miƙe yana haki, yawu na zuba, a shafa masa ruwan randa a kunne da ƙafafu, ban da ruwan ƙanƙara.

Akwati da shimfiɗa

Guda biyu suna buƙatar wuri mai tsawon santimita 120 da faɗin 60. Ba ya hawa bango, amma a yi murfin raga saboda kyanwa da gafiya da shaho. Ƙasan akwatin ya zama katako ko siminti. Ragar ƙarfe irin ta kejin kaji tana ci masa tafin ƙafa har ya yi gyambo. Da damina a ɗora akwatin kan bulo. Duk wadda ta ga ambaliyar 2020 a unguwanninmu ta san yadda ruwa ke shigowa tsakar gida cikin dare.

Wajen shimfiɗa Allah ya hore mana. A fadamun shinkafa na Kirkisoye sau biyu ake girbi a shekara, don haka karan shinkafa da ɓuntu ba sa yankewa. A tankaɗe ɓuntun ƙura ta fita, a zuba kaurin yatsa uku, a ɗora busasshiyar ciyawa mai laushi a kai. Tsofaffin takardun lakwal ma suna yi a ƙasa, su tsotse fitsari.

Abin da za a guje wa shi ne garin katako mai laushi na wajen kafinta, domin yana shiga hanci ya kawo tari, musamman na katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Ɓawon gyaɗa da ya yi funfuna guba ne. Tsumma mai zare yana naɗe ƙafa, leda kuma in ya ci ta toshe hanji. Kullum a kwashe wurin da ya jiƙe, a sake shimfiɗa gaba ɗaya sau ɗaya ko biyu a mako. In warin fitsari ya bugi hancinku, to shi da ke kwance a ciki ya daɗe yana shaƙa. Abin da aka kwashe kada a zubar, taki ne mai kyau ga zogale da ɗan lambun gida.

Abinci: ciyawa ce tuwonsa

Haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke rage su. Don haka busasshiyar ciyawa kada ta yanke a gabansa, dare da rana. Burgun bakin kogi yana yi, amma a shanya shi ya bushe tukuna saboda tsutsar ciki. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ga mai ciki da mai shayarwa da ƙanana, manya kuwa kaɗan za a ba su. Dusa cokali ɗaya ga kowanne a yini ta isa. In ta yi yawa sai ƙiba da zawo.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. In ya yi mako 2 zuwa 3 bai samu ba, sai gashi ya tashi, gaɓoɓi su kumbura, ya fara ɗingishi, dasashi na jini. Maganin yana cikin kwandon cefane: ɗanyen tattasai marar yaji, gwaiba, ganyen zogale, ganyen dankalin Hausa, ganyen karoti, da ɗan ganyen shu. Cikin tafin hannu ɗaya ga kowanne a yini. Masu lambun bakin kogi suna zubar da ganyen waje na shu da salati, a roƙa ko a saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai a tambayi mai lambu yaushe ya yi feshi, a wanke, a bari ya tsane. Ganyen da ya kwana a tare cikin buhu ya yi zafi yana kumbura ciki. Sabon abinci kuma kaɗan-kaɗan ake fara shi.

Waɗannan kam ko kusa: albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ɓawon dankalin Turawa, ɗanyen rogo da ganyensa, sabon tohon dawa, tumfafiya, zaƙami, da ragowar tuwo da miya. Masu cewa wai ba ya shan ruwa, ba gaskiya ba ne. A ajiye masa ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi da ba zai kife ba.

Sannan don Allah kada a ɓare kafso na mutane a ba shi. Amoksisilin da sauran dangin fenisilin suna kashe shi. In ya yini bai ci ba, a nemi likitan dabbobi a ranar.

Lissafin mai asusu

Mace tana ɗaukar ciki kwana 59 zuwa 72, ta haifi 2 zuwa 4 galibi, da gashinsu, idonsu buɗe. Tana iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu, shi ya sa ake cire namiji kafin haihuwa don ta huta. 'Ya'ya maza a raba su da uwa da 'yan uwansu mata a mako 3, in ba haka ba kafin ku ankara akwati ya cika, abinci ya gagara.

Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya koya mana cewa ba a cin bashi sai an san ta inda za a biya. Haka nan ma. Kafin wata ta ɗauki bashin asusu don wannan kiwo, ta amsa tambaya uku: ina inuwa, ina ciyawar rani, wa zai saya? A fara da namiji ɗaya da mata biyu, a ga yadda za su tsallake bazara. Mata huɗu ko biyar na ƙungiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi buhun ɓuntu da damin ciyawa lokacin girbi da suke araha, su raba, su kuma yi karɓa-karɓa wajen ɗauko ganye daga lambu. A rubuta abin da aka kashe da abin da aka sayar, a kawo littafin ranar zubi kowa ta gani.

Wadda ke da dabarar da ta gwada ta yi mata amfani, ta faɗa wa sakatariyar ƙungiyarta mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a zubinmu da kiwonmu, amin.